Mai tabarau: ranar da aka soke intabiyuna ina bakin ƙofa

Saƙon ya shigo muna cikin mota, saura kamar minti goma mu isa. Yaya ne ke tuƙi. Izinin rabin yini ya ɗauka a wurin aikinsa don ya kai ni da kansa, wai kada in isa a hargitse. Wayar na kan cinyata, a saman jakar takarduna, sai ta yi ƙara. Layi uku ne kacal. Suna baƙin cikin sanar da ni cewa saboda wasu sauye-sauye na cikin gida, ganawar da aka shirya yi da ni yau da ƙarfe goma ba za ta yiwu ba. Sun gode da sha'awar da na nuna. Suna yi mini fatan alheri.

Na karanta sau biyu, na kife wayar.

"Su ne?" in ji Yaya, idonsa na kan hanya.

"Su ne. Tuni suke yi mini da lokaci."

Har yau ban san daga ina wannan magana ta fito ba. Ban shirya ta ba, ban auna ta ba, bakina ne kawai ya riga ni. Da na ji ta a kunnena sai na ga ai ta riga ta fita, kuma dawo da ita ya fi ƙarfina a wannan lokacin. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce alamar mutanen kirki ke nan, masu mutunta lokacin mutum.

Ya tsaya daidai bakin ginin. "Auta, ki nutsu. Duk abin da za su tambaye ki kin san shi. In jira ki?" Na ce a'a, ya tafi aikinsa, ba a san lokacin da za a gama ba. Na fita. Na san halinsa, ba zai ja mota ba sai ya ga shigata, don haka na gyara mayafina na shiga, kamar wadda ake jira.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta nemi sunana a kwamfuta, ta ɗaga waya ta yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ta dube ni. "Ba su turo miki saƙo ba?" Na ce sun turo. Ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Ban san abin da ta karanta a fuskata ba, amma ba ta sake tambayata komai ba. Kujera ta nuna mini, ta ce in zauna in huta kafin in tafi. Na zauna minti ashirin ina kallon masu katin aiki a wuya suna shiga suna fita. Wani ya zo da jakar takardu irin tawa, sai gabana ya faɗi, na ce wato shi aka zaɓa. Ashe gyaran na'urar buga takardu ya zo yi.

Ni akanta ce, kuma ko a cikin wannan hali lissafi na kama yi. Idan da an yi intabiyun, za a ajiye ni jira na kamar rabin awa. Tambayoyin za su ci minti arba'in da biyar. Sai hanya. Ke nan bai kamata in shiga gida kafin sha biyu da rabi ba. Na fito na samu wani benci a inuwa can nesa da ginin, na zauna ina gadin agogo. Takalmin da na saya don wannan rana yana matsa mini ɗan yatsa, na cire shi na ajiye a gefe. A kan bencin nan, ƙafa ba takalmi, na yi awa biyu mafi tsawo a rayuwata.

Karo na uku ke nan da aka yi mini haka, shi ya sa.

Na farko bai yi mini ciwo sosai ba, don duniya ce gaba ɗaya ta tsaya. Kwantiragina ya ƙare a ƙarshen 2019, na samu kiran intabiyu a wani kamfani a tsakiyar Maris na 2020. Ranar 11 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin ranar tawa ta zo suka rubuto cewa sun ɗage sai abin da hali ya yi. Kalmar "ɗagewa" na riƙe da hannu biyu. Duk bayan mako biyu sai in rubuta musu: ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya, ina tuni. Na rubuta sau shida ko bakwai, kowane saƙo ya fi na baya ƙasƙantar da kai, har na kai ga cewa ko a rage albashin zan karɓa, alhali ba wanda ya yi mini tayin albashi. Ba su taɓa amsawa ba. Da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da lissafinta a farkon 2021, cewa awannin aikin da aka yi asara a 2020 sun kai kwatankwacin cikakkun ayyuka miliyan 255, sai na ji kunyar saƙonnin nan. Wataƙila wanda nake ta gaisarwa shi ma tuni an sallame shi, akwatin imel ɗin babu mai buɗewa.

Na biyu shi ne ya ƙona ni. Bayan annoba na koma riƙe wa wasu ƙananan kamfanoni biyu littattafan lissafi, abin da ake samu ba yawa amma yana shigowa. A ƙarshen 2022 wani kamfanin fasaha na ƙetare ya nemi akanta da zai yi musu aiki daga gida. Na wuce matakin farko ta Zoom. Suka ba ni gwaji, jadawalin kuɗi mai cike da kurakurai da aka dasa da gangan, na kwana biyu a kansa na zaƙulo su. Na wuce mataki na biyu. Saura ganawa da shugaban sashen kuɗi, wadda jami'in ɗaukar ma'aikatan ya ce mini kusan gaisawa ce kawai. A kan wannan "kusan" na je na shaida wa ɗaya daga cikin kamfanonin nan biyu su fara neman wani, don kada in bar su ba shiri. Na saki reshe na kama ganye.

Daren da ya rage kwana ɗaya, sanarwa ta faɗo a wayata daga kalanda: an soke taron. Babu ko kalma ɗaya ta ɗan Adam a tare da ita. Sai da na rubuta na tambaya, bayan kwana biyu aka amso cewa an dakatar da ɗaukar ma'aikata a kamfanin baki ɗaya.

A lokacin labarin na ko'ina, ni ce dai na ɗauka ba zai shafe ni ba. Ranar 9 ga Nuwamba Meta, mai Facebook, ya sanar da sallamar ma'aikata sama da 11,000 tare da tsawaita dakatar da ɗaukar sababbi. Tun a watan Yuni Coinbase, kamfanin cinikin kuɗin kirifto, ya janye takardun ɗaukar aiki daga hannun mutanen da suka riga suka amsa tayi, wasunsu sun ajiye tsohon aikinsu. Da Janairun 2023 ya kama, Amazon ya ce zai sallami 18,000, Microsoft 10,000, Google 12,000. Idan manya na zubar da kaya haka, ƙaramin kamfanin da ke rayuwa da kuɗin masu zuba jari ai dole ya ƙanƙame aljihu. Yanzu na gane wannan. A wancan daren abin da na gane kawai shi ne kwana biyun da na yi ina yi musu aiki kyauta, da aikin hannuna da na saki.

Na zauna na rubuta musu wasiƙa mai zafi. Na ce ba su san darajar mutum ba, na ce gwajin nasu dabara ce ta cin gumin mutane, na ce Allah ya isa, har na fassara musu ma'anarta don kada ta wuce su. Na tura da ƙarfe ɗayan dare. Daɗin da na ji bai kai na minti goma ba. Da safe na sake karantawa, na ga wanda zai buɗe ta shi ne jami'in nan da ya yi ta fara'a da ni, wanda ba shi ya yanke hukuncin ba, kuma da wuya in shi kansa yana barci da ido biyu a rufe a wannan watan. Bai amsa ba. Bayan wata biyu na ga ya rubuta a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, cewa yana neman aiki.

To, da wannan tarihin na zauna a kan benci. Na gwada roƙo, na gwada faɗa. Abin da ban iya ba shi ne in sake shiga gida in ce wa Umma an fasa. Sau biyu ina ganin yadda take karɓar maganar: ta yi shiru kaɗan, ta ce "Allah ya sa haka ne mafi alheri," sannan ta tashi ta kama wani aikin da ba ya bukatar yi. Wannan tashin nata ne ba na son sake gani.

Sha biyu da minti arba'in na yi sallama. Tana zaune inda za ta hango ƙofa.

"Auta, yaya aka yi?"

"Alhamdu lillahi, Umma. Sun ce za su neme ni."

Na ɗauka a nan za ta tsaya. Ina! Umma ba ta taɓa shiga intabiyu ba, amma ba a ba ta labari a dunƙule. Su nawa ne? Na ce uku. Maza ko mata? Maza biyu da mace ɗaya. Sun sake miki fuska? Na ce macen ta sake, ɗaya namijin ma ba laifi, sai dai na tsakiyan, wani mai tabarau, shi ne ya ɗan tsananta tambaya. Na saka shi ne don labarin ya yi kama da gaskiya, kuma don in samu wanda zan jingina wa laifi ranar da zan ce ba a ɗauke ni ba. Har tambayar da ya yi mini na ƙirƙiro, a kan yadda ake daidaita lissafin banki da na littafi idan sun saɓa, na kuma faɗi amsar da na ba shi. Amsa mai kyau ce. Kwana huɗu na yi ina shirya ta.

Umma ta ce, "Shi ne babbansu. Irin waɗannan masu ɗaure fuskar su ne masu yanke magana. Bari mu sa shi a addu'a."

Daga ranar mai tabarau ya tare a gidanmu. Da asuba ina jin ta ta bango tana roƙon Allah ya sanyaya zuciyar mai tabarau, ya karkato da hankalinsa kan takardun auta. Yaya ya dawo daga aiki ya ce, "Mutumin naki bai kira ba?" Matar Yaya ta ce ita ta san irinsu, a fuska ne kawai suke da zafi. Aka yi ta ƙara masa siffa ba da sanina ba, har ya samu furfura da tsayi. Ni kuwa kullum sai na tuna abin da na faɗa jiya don kada na yau ya saɓa masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, an faɗa, amma ba wanda ya gaya mini cewa mai haƙa shi a tsugune yake kwana a ciki.

Mako uku aka yi haka, kuma a cikinsu ban nemi aiki ko ɗaya ba. Yaya zan zauna a gaban kwamfuta ina cika takardun nema alhali gida na jiran kira? Sai in shige ɗaki in rufe ƙofa. Barcin rana ya yi yawa, na dare ya gudu. Ƙirjina ya riƙa yi mini nauyi na gaske, irin wanda mutum zai nuna da yatsa ya ce nan ne. Na yi ta faɗa wa kaina: ke, ba fa a ƙi ki ba, ba su ma gan ki ba. Sai na lura ai abin da ke cin raina ke nan. Wanda aka yi wa tambayoyi ya faɗi yana da abin da zai koma ya gyara, ya ce a nan na yi tuntuɓe. Ni an bar ni da amsoshi cike da baki ba wanda zan faɗa wa, da layi uku da zan yi ta juyawa ina neman laifina a tsakaninsu. Shekaruna suka gani? Wani ne ya gaya musu wasiƙar da na rubuta wa waɗancan? Hoton da na sa ne?

A wani dare na rashin barci na ci karo da labarin wani bincike da aka wallafa a 2003. Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta da wasu mutum biyu. Ana cikin wasa sai biyun nan su daina jefo wa mutum, su ci gaba tsakaninsu. Sashen ƙwaƙwalwar da ya motsa a lokacin yana cikin waɗanda ke motsawa idan mutum na jin raɗaɗin ciwo a jikinsa. Abin da ya sa na tashi zaune shi ne, abokan wasan nan biyu babu su. Manhaja ce aka tsara ta daina jefo ƙwallon. Na yi dariya ni kaɗai cikin duhu, dariyar da ba ta daɗi ba, don ni ma ga ni kwance da ciwon ƙirji a kan saƙon da wataƙila manhaja ce ta tura, ina kuma tsoron wani mai tabarau da ni na haife shi.

Wadda ta fara jin gaskiya wata ce da muka yi karatu tare, ba ma wata ƙawa ta kusa ba, sai dai na san a sashen kula da ma'aikata take aiki a wani wuri dabam. Na kira ta da sunan gaisuwa, na ɓuge da karanta mata saƙon. Ta ce in sake karanta mata wurin "sauye-sauye na cikin gida". Sai ta ce, "Wannan jimlar ai a ajiye take, dannawa kawai ake yi. Ni ma na tura ta ya fi a ƙirga."

Ta warware mini yadda abin yake daga ciki. Gurbin aiki, in ji ta, yana tsaye ne da ƙafa uku: shugaban sashen da ke son mutum, sashen kuɗi da ya amince da albashin, da na sama da ya sa hannu. Ko wace ƙafa ta zame, gurbin ya faɗi, ko da an riga an raba ranakun intabiyu. Wani lokaci lissafin wata uku ne zai fito ba daɗi, a wayi gari an ce a tsayar da duk ɗaukar da ba a kammala ba. Wani lokaci shugaban sashen ne zai ajiye aiki, wanda ya gaje shi ya ce shi bai san da zancen ba. Wani lokaci an ga ɗan takara na farko ranar Litinin, ya burge, ya karɓi tayi ranar Laraba, sai a ga ba amfanin wahalar da na ranar Alhamis. Akwai kuma wanda ta faɗa da ƙaramar murya: tun farko akwai ɗan cikin gida da ake so a ɗaga, amma ƙa'idar wurin ta ce sai an tallata gurbin, sai a tallata, a kira mutane, a cika sharaɗi.

Na ce to me ya hana a faɗa wa mutum gaskiya? Ta ce rabi tsoro ne, don ana gargaɗinsu kada su rubuta dalilin da wani zai riƙe ya kai ƙara, rabi kuma kunya. Mai tura saƙon sau da yawa shi ma da safen nan ya ji, kuma ya fi masa sauƙi ya danna jimlar da ke ajiye da ya ɗaga waya ya ji muryar wanda ya riga ya yi wanka ya fito.

Ban yafe musu duka ba, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. Kamfani na da ikon fasa ɗaukar mutum, kuɗinsa ne. Amma wanda ya san tun jiya da yamma, ya bari sai da safe saura minti goma, ya ci amanar lokacin wani. Wanda ya karɓi aikin gwaji na kwana biyu, ya sallami mutum da sanarwar kalanda, ya yi rashin ta ido. Kiran waya na minti biyu bai taɓa karya kasafin kuɗin kowa ba. Na faɗa mata haka, ta ce ba ta musa ba.

Sai ta tambaye ni abin da ban taɓa tunani ba: "Da suka turo, kin tambaye su an rufe gurbin ne ko ɗagewa aka yi?" Na ce a'a. Ta ce tambayar ke nan guda ɗaya da take da amfani, kuma yawancin mutane ba sa yi, ko dai su yi fushi ko su ɓace. A rubuta gajere: na samu saƙonku, na gode da sanarwa, shin gurbin na nan za a sa wata rana ko an rufe shi, kuma idan wani ya taso irinsa ina so a tuna da ni. A tura sau ɗaya. In an yi mako ba amsa, a sake tuni sau ɗaya, shi ke nan a ɗauke kai. Ta ce su masu wannan aiki suna da ɗan jerin sunaye a gefe na waɗanda aka ɓata wa rana kuma suka amsa da mutunci, don ranar da aka sake buɗe gurbi ba mai son ya koma tace takardu ɗari daga farko. Ta ƙara da wadda ta fi shiga jikina: kada in sake dakatar da neman wani aiki, balle in saki na hannu, sai na ga takardar ɗauka da sa hannu. Ko ita ɗin ma, ta ce, ai kin ji abin da ya faru da mutanen Coinbase.

A daren na rubuta wa kamfanin na uku wannan gajeren saƙo, mako uku a makare. Washegari aka amso, mutum ne ya rubuta wannan karon, da sunansa a ƙasa. An haɗe sashen da wani sashe, gurbin ya tafi gaba ɗaya. Ya ba ni haƙuri a kan ƙurewar lokacin. Babu zancen shekaruna, babu zancen hotona. Na karanta na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, ko da yake aikin dai babu shi.

Saura Umma.

Na same ta bayan la'asar tana ninke kaya. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da na daɗe ban yi ba. Na ce, "Umma, ina da magana, kuma ki yafe ni kafin in faɗa." Ta ajiye abin da ke hannunta. Na faɗa mata duka: saƙon cikin mota, matar teburin baƙi, bencin, takalmin. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Na jira ta tashi ta kama wani aiki, ba ta tashi ba.

"To, shi mai tabaran fa?"

"Babu shi, Umma."

"Babu shi kamar yaya? Bai zo ba ranar?"

"Ni na ƙirƙire shi."

Ta riƙe haɓa tana kallona. "Mako uku ina tashi cikin dare a kan mutumin da babu shi." Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take ƙoƙarin dannewa, har ta fi ƙarfinta, ta yi ta yi tana share ido da gefen mayafi. Ni kuma a nan nawa kukan ya ɓalle, wanda na riƙe tun a mota. Da ta lafa ta ce, "Awa biyu a kan benci, ke kaɗai, kina da gida. Ni na ce miki aikin nake jira ya dawo? Ke nake jira." Ta ce addu'ar kuma ba ta faɗi ƙasa ba, akwai dai wani mai tabarau a wani wuri da zuciyarsa ta yi sanyi bai san dalili ba.

Yaya ne bai yi dariya ba. Ya ce abin da ya ɓata masa rai shi ne yana zaune a gefena, tazarar hannu ɗaya, na zaɓi in ɗauka ni kaɗai. "Da kin faɗa, da juyawa kawai za mu yi." Kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice, a na uku ya turo mini tallar wani gurbi ba tare da ya ce komai ba.

Na koma nema, wannan karon da jadawali irin na aikina: sunan wuri, ranar da na tura, matakin da ake, ranar da zan yi tuni, ranar da zan ja layi a kai. Ba na barin layukan da ke buɗe su gaza biyar. Na kuma daina shelar intabiyu tun ana saura mako. Sai ranar ta zo nake faɗa, kuma in na faɗa, duk yadda ta kaya a ranar nake faɗa.

An sake soke mini wani bayan wata biyu, ana saura kwana ɗaya. Ya yi ciwo, ba zan ce bai yi ba. Na ba kaina daren, da safe na tura tambayata. Aka ce ɗagewa ce, wadda za ta jagoranci ganawar ce ba ta da lafiya, aka sa wata ranar a mako na gaba. Na fito tsakar gida na ce, "Umma, sun ɗaga sai wani makon." Ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar na tafi ni kaɗai, da tsohon takalmina. Aka yi intabiyun, minti hamsin, har aka yi mini tambayar daidaita lissafin banki da na littafi, na ba da amsar nan da ta yi wata da watanni tana jira. Da na dawo Umma na zaune inda za ta hango ƙofa.

"An yi?"

"An yi, Umma. Da gaske."

"Su nawa?"

"Biyu. Duk mata."

Ta ɗan yi jim. "Ko ɗaya ba mai tabarau?"

Na ce babu. Ta ce to in kawo sunayensu.